Hannun Hagun Mai Aski

Ƙanena mai aski ne. Da gangan na faɗa haka, ban ce "a da mai aski ne" ba, domin a layinmu yanzu haka ake cewa, ana sassauta murya kamar ana maganar mamaci, alhali mutumin yana cikin gida yana shan shayi yana zagin rediyo.

Shagonsa ɗaki ne guda a gaban gida, ƙofarsa tana kallon titi. Kujera ɗaya ce a ciki, mai juyawa, fatarta ta tsage an ɗinke ta da zaren takalmi. Babban madubi a gaba, ƙarami a rataye jikin ƙusa don nuna wa mutum ƙeyarsa. Sai benci a jikin bango, wanda ya fi kujerar ganin jama'a, saboda rabin masu shigowa ba aski ke kawo su ba. A kan kanta akwai kilifa, almakashi, mataji, reza, kwalbar sifirit, da gwangwanin hoda da ya girmi babban ɗansa. Tun yana saurayi yake cikin ɗakin nan, a ciki ya yi furfura.

Ba zan yi masa ƙaryar kirki ba. Surutu gare shi kamar famfon da ya lalace, ga taurin kai. Ka zauna ka ce a rage maka kaɗan, ya ce to, ya yi maka abin da shi ya ga ya dace da kanka. In ka yi ƙorafi ya ce ai kai ba ka taɓa ganin ƙeyarka ba, shi ne yake zaune da ita. Makaranta ba ta karɓe shi ba. Ni ce na yi sakandare, na yi aikin buga takardu a ofis har na yi ritaya, shi kuwa da ya buɗe littafi sai barci. Amma kan mutum yana karanta shi tsaf. Wani zai wuce a kan babur, sai ya ce wannan askin na mai shagon bakin kasuwa ne, ga hannunsa nan a saje, kullum na dama ya fi na hagu tsawo. A tsayar da mutumin a tambaye shi, a tarar haka ne.

Matarsa ta rasu, nawa mijin ya rasu, sai na tattara na dawo ɗakin baya na gidansa, muka ci gaba da faɗan da muka bari muna yara. Babban ɗansa yana zaune da iyalinsa a ɓangaren da ya gina a cikin gidan. A wani kamfani yake aiki, 'yan layi suna ce masa Manaja tun kafin ya san ƙofar ofishin manaja, sunan kuma ya bi shi. Ba mugun yaro ba ne. Shi ya ɗauki ɗawainiyar asibiti gaba ɗaya. Na faɗa don kada a ce ban faɗa ba.

Ciwon ya sami ƙanena yana tsakiyar aiki, da hantsi, Mahauci na kan kujera. Mahauci abokinsa ne tun ƙuruciya, ƙaton mutum mai ƙeya ninki-ninki, irin kan da kowane mai aski yake gudu. An gama ɓangare guda sai kilifa ta faɗi ƙasa tana kuka. Mahauci ya zaci wasa ne, har ya ce masa ya daina shashanci, ya bar nama a rana. Da ya ɗago ya ga bakin ƙanena ya karkace a madubi, sai ya sungume shi a kafaɗa kamar cinyar saniya, ya fita titi da ƙyallen aski a wuya da rabin kai, yana tare mota. Wannan ma na faɗa don kada a ce ban faɗa ba.

Shanyewar ɓarin jiki ce, na dama. Ƙafa ta dawo, tana ja. Baki ya dawo, har da surutun. Hannun dama ne ya ƙi. Yatsun suka dunƙule suka zauna a cinya kamar baƙon da ba shi da niyyar tafiya.

Aka riƙa kai shi ɗakin gashin ƙashi, ni ce 'yar rakiya. Ranar farko ya dubi ƙasan ɗakin ya ce shekara da shekaru yana sharar gashi, yau ga shi an kawo shi ɗakin gashi babu ko sili ɗaya a ƙasa. Likitar wurin, wata doguwar mata da ba ta dariya, ba ta yi dariya ba. Ita ce kuma ta gaya masa gaskiya ba tare da ta shafa mata mai ba: hannun dama wata rana zai iya riƙe kofi, amma ba zai sake riƙe reza ba. Ya tambaye ta na hagun fa. Ta ce lafiyarsa ƙalau, sai dai bai san komai ba.

"To zai shiga makaranta," in ji shi. "Ni ban yi ba, shi zai yi."

Abin da ya biyo baya ni na gani, domin sauran mutanen gidan suna wurin aiki ko makaranta. Da cokali aka fara, abinci rabi a baki rabi a riga. Sai maɓalli. Sai almakashi, nan kuwa aka sha daga. Wanda bai gwada ba bai sani ba, almakashin da aka ƙera don dama, in ka sa shi a hagu ba ya yanka, taunawa yake yi. Sai ka koyi tura babban yatsa inda a da kake janyo shi. Tsofaffin jaridun gidan nan kaf ya tauna su kafin ya yanka layi ɗaya miƙaƙƙe. Yatsan ya yi ƙulli, ya fashe, ya yi kanta. Sau nawa almakashin ya tashi sama ya bugi bango, ban ƙirga ba, ni dai nake ɗaukowa. Ran nan na ce masa in ya sake jefawa sai dai ya ja ƙafarsa ya ɗauko da kansa. Ya ce, "Yaya, ke dai Allah bai sa miki tausayi ba." Na ce an raba ina wurin aiki.

Da aka zo kan kilifa, buroshin goge takalmi ya fara yi wa aski. Ni na riƙe buroshin a tsakanin gwiwoyina, shi yana bi. Muka gama da na gidan, muka bi na maƙwabta, har abin goge ƙafa na bakin ƙofa bai tsira ba. Reza kuwa a kan kankana ya koye ta. Ya shafa mata kumfar sabulu, ya bi da reza a hankali. In ya yanki ɓawon, fari zai fito ya tona masa asiri. Daminar nan kaf kankana mai tabo muka ci, jikoki har suka fara gudunta.

Kuma ba hannu kaɗai ba ne. Mai aski da hannu biyu yake aiki, ɗaya yana yanka, ɗaya yana jan fata yana lanƙwasa kunne. Shi na biyun ya mutu. Sai ya koyi danna fata da bayan dunƙulallen hannun, kunne kuwa ya ce mai shi ya riƙe abinsa. Tsayuwa ma sai da ya sake koyo, domin komai ya juya, inda yake tsayawa a da yanzu inuwarsa ce take rufe masa aiki, ga ƙafa tana ja. Yakan zagaya kujerar nan babu kowa a kanta, yana zagayawa, yana zagayawa, har rigarsa ta jiƙe.

Mutum na farko da ya ba shi kai shi ne maigadin kantin magani na kusa da mu, wani tsoho mai sanƙo wanda gashinsa bai fi a tara a cokali ba. Ya ce shi ba shi da abin asara. Askin farko ya fito kamar ɓera ya yi kiwo. Maigadi ya dubi madubi ya ce ba laifi, dama aikinsa tsoratar da ɓarayi ne. Ya ci gaba da zuwa duk sanda 'yan gashin suka tsiro, har ranar da na dube shi na rasa abin kushewa, ni kuwa ba na rasawa.

Wannan ya ɗauki fiye da shekara. A zuwanmu na ƙarshe ɗakin gashi, Manaja ne ya kai mu a sabuwar motar da ya saya. Ƙanena ya tafi da almakashinsa a aljihu. Likitar tana tare da ɗalibai masu fararen riguna, sai ta miƙa masa takarda ta ce ya nuna musu. Ya yanka da'ira da hannun hagu, ya yanka wata a cikinta, ya miƙa mata zoben takardar. Ta ɗaga shi sama, ta yi wa ɗaliban bayani da Turanci, ta kama hannun nasa ta ce wannan ƙwarewar hard-won ce, su dube ta da kyau. Daga nan ta sallame mu.

Ni na san kalmar. Na yi ta a aji, na kuma buga ta a takarda ba sau ɗaya ba. Kalma biyu ce aka ɗaure da ɗan layi a tsakiya, ta farko wuya, ta biyu cin nasara. Ba a faɗarta a kan abin da ake kan nema, sai wanda ya riga ya zo hannu. Ba a faɗarta a kan gado, ko tsintuwa, ko ruwan da ya sauka a gonarka kana barci. A kan 'yancin da aka sha wuya aka ƙwato ake faɗarta, ko sulhu bayan doguwar rigima, ko sana'ar da ta ci wa mutum fatar hannu. Kuma duk wanda ya faɗe ta akwai kashedi a bakinsa: abin nan an biya shi da jiki, kada a yi wasa da shi.

A mota ƙanena ya tambayi ɗansa me matar ta ce. Manaja yana kallon titi ya ce, "Cewa ta yi da ƙyar kake iyawa, Baba. Sai ana bi a hankali."

Na ce ba haka ta ce ba. Cewa ta yi da ƙyar ya samu.

"Gwaggo, ai duk ɗaya ne."

Ba ɗaya ba ne, kuma ya sani, domin Turancinsa ya fi nawa sabunta. Mu a bakinmu "da ƙyar" fuska biyu gare ta. In ka ce mutum da ƙyar ya samu, to ya samu, abin yana hannunsa, sai ka matsa ka ba shi wuri. In ka ce da ƙyar yake yi, kana nufin saura ƙiris ya kasa, a zo a karɓe kafin ya yi ɓarna. Likita ta ba yaron nan kalma mai fuska ɗaya, ya juye ta cikin mai fuska biyu, ya zaɓi fuskar da ta yi masa. Na faɗa masa haka a motar. Ya ƙara muryar rediyo. Ƙanena yana ta juya zoben takardar a yatsa. Kafin mako ya zagayo, duk layin an ji cewa likita da bakinta ta ce da ƙyar yake riƙe almakashi.

Duk da haka ya buɗe shago. Ni na share, na wanke madubi, shi ya sa wa kilifa mai. Jama'a kuwa suka zo, ba ƙarya. Mahauci ya zo, tsohon direban bas ya zo, tela ya zo, duk 'yan bencin da. Ana ta barka, ana ta "kai, ka yi sa'a," "wallahi ka auna arziki," "wane da irin ciwon nan ya kwanta bai tashi ba." Sa'a. Ina daga ƙofar cikin gida ina ji. Ban musa ba, Allah ne Ya ba shi. Amma ba a kan katifa Ya miƙo masa ba, kuma babu ɗaya daga cikin masu cewa sa'a da ya taɓa riƙe masa buroshi.

Benci ya cika, kujera babu kowa. Washegari haka. Mako ya wuce haka, in ban da maigadi. Sai na lura da wani abu: kowa da hula. Mutanen da na sani shekara da shekaru suna shigowa su cire hula su ɗora a gwiwa su sosa kai, yanzu sun ja ta har gira. Ana zafi kamar a gasa mutum, fanka tana juya iska mai ɗumi, gumi yana bin kunnuwansu, babu mai cirewa. Direba wanda tunda nake ban taɓa ganinsa da hula ba, shi ma ya samo wata ta ɗansa mai baki a gaba.

Wai su a nan kunya suke ji, kada ya ga sun yi aski a wani wuri. Mutumin da yake gane hannun mai aski a kan babur yana gudu, shi za a ɓoye wa da hula? Ƙeya tana waje, saje yana waje. Yana zaune a kan kujerar da ya kamata su zauna, yana kallonsu ta madubi, yana ba su labari, yana dariya. In sun tafi sai ya ce mini na tela askin bakin kasuwa ne, na direba kuwa wani sabon hannu ne, mai gaggawa. Ya faɗa kamar mai ba da labarin yanayi. Sannan ya ɗauki tsintsiya ya share ƙasan da babu komai a kansa.

Na tare Mahauci a waje na tambaye shi. Ya ce, "Haba Yaya, mu fa tausaya masa muke yi, kada mu wahalar da shi." Na ce tausayin da ya hana ka ba shi kai amma bai hana ka shan shayinsa ba, ka riƙe abinka. Ya ce ni dai bakina ba ya tsufa.

Ana cikin haka Manaja ya zo da tasa. Motarsa a titi take kwana, yara sun karce mata gefe da ƙusa, an kuma cire mata madubi guda. Ya ce in aka fasa bangon gaban shagon aka sa ƙofar ƙarfe, motar za ta shiga daidai, ya auna. Bai faɗa da rashin kunya ba, a durƙushe ya faɗa. Ya ce Baba ya huta haka nan, me ya rasa, ci ko sha? Ya ce shagon da ba a aski a cikinsa ai ɗakin hira ne, hira kuwa ana iya yinta a ƙofar gida. Uban ya ce ana aski. Manaja ya ce, "Maigadi, Baba?" Daga nan ya ce shi tsoronsa kada wata rana a yanki wani a jawo magana, tunda likita ma ta ce da ƙyar ne.

Na ce ya sake faɗin abin da likita ta ce in ji. Ya ce, "Gwaggo, don Allah." Uban ya ɗaga mana hannu ya ce a ba shi lokaci, in mutanensa ba su dawo kujera ba, a fasa.

Ya jira su, ba su dawo ba. Sai ran nan da yamma, benci a cike, Mahauci yana tsakiyar ba da labarin wani sa da ya tsinke a kasuwa, ƙanena ya tashi ya ja ƙafarsa har gabansa, ya sa hannun hagu ya cire masa hula. Askin sabo ne fil, bai kwana biyu ba.

"Wa ya yi maka wannan aika-aikar?" in ji shi. "Dubi ƙeya. Ya bi ta saman ninki ya bar na ciki. Tashi ka hau in gyara."

Mahauci ya dubi tela, tela ya dubi silin. Ya ce ai ba komai, gashi ne zai tsiro. Ƙanena ya ce, "Rabin kai nake bin ka tun ranar da na faɗi. Hau." Aka yi 'yar dariya, Mahauci ya hau, yana dariyar shi ma, amma na ga yadda ya riƙe hannun kujera.

Ina tsaye a ƙofar cikin gida, na ga aikin nan daga farko. Ya ɗaura masa ƙyalle da hannu ɗaya da haƙori. Ya danna ƙeyar da bayan mataccen hannun, ninkin ya buɗe, ya bi shi da kilifa, ya bi na ƙasa. Ya ɗauki reza ya fitar da layin wuya, ya fitar da saje na hagu. Tsaf, babu gargada. Tela har ya miƙe yana leƙe. Saura bayan kunnen dama. Ya ce wa Mahauci ya riƙe kunnensa, ya riƙe. Reza tana kan fata sai wani babur ya yi ƙara a ƙofar shago kamar an harba bindiga, Mahauci ya zabura ya saki kunnen.

Yankan bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Amma kunne ne, kunne kuwa ba ya rowar jini. Ya gangaro wuya, ya ɓata ƙyalle. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin jini har gwiwar hannu, ya ga nasa a madubi ya miƙe tsaye yana salati. Ƙanena ya ce ya zauna a sa sifirit, ya ce a'a, a bar shi haka, ya gode. Ya dafe kunne da hularsa ya fita.

In za a bi gaskiya, Mahauci ne ya zabura. In za a ƙara bin ta, hannun dama na da, da ya janye kafin kunnen ya taɓa reza. Na hagun ya makara da ƙiftawar ido. Ƙanena da kansa ya faɗa mini haka, ban tambaye shi ba. Amma a shekarunsa na aski da dama ya yanki kunnuwa ba adadi, har na wannan Mahaucin, a sa auduga a ci gaba da hira. Ba wanda ya taɓa cewa hannunsa ya mutu. Wancan kuskuren mai aski ne, wannan kuwa ya zama na mai shanyewar jiki.

Kafin magariba labari ya kai bakin kasuwa. Mahauci yana nuna filasta yana cewa da ƙyar ya sha, ana ta dariya. Ba da mugunta yake faɗa ba, shi dai ya sami labarin da ya fi na wancan sa da ya tsinke. Da labarin ya dawo layinmu, kunnen ya kusa cirewa, an ɗinke shi a asibiti.

Manaja bai ce "ai na faɗa" ba, bai ma buƙaci ya ce ba. Uban ne ya aika jika ya kira shi, ya ce ya kawo maginin. Na ce masa kada ya yarda, yanka ɗaya ne. Ya ce, "Yaya, ba yankan ba ne. Kin ga yadda ya riƙe kujera tun kafin in taɓa shi?" Na gani.

Magini ya zo da guduma. Aka fitar da benci, 'yan hira suka ɗauke shi da kansu suka kai ƙarƙashin bishiyar ƙofar tela, ko kwana ɗaya hirarsu ba ta yi fashi ba. Babban madubin ya fashe wajen cirewa. Kujerar aka kai tsakar gida kusa da wurin wanki, jikoki suna hawa suna juyi. Ƙanena ya tsaya yana kallo har aka gama, yana gaya wa magini cewa layin bulonsa ya karkace. Ya karkace ɗin kuwa.

Ya yi kwanaki ba ya fita, rediyo ma ya daina zagi, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Sai ranar da aka koma da shi asibiti a duba jininsa, muka bi ta ɗakin da ake kwantar da maza masu irin ciwonsa. Ya tsaya a ƙofa yana kallo. Gado-gado, mutane a kwance, gemu ya cukurkuɗe, suma ta danƙare a inda take gugar matashi. Masu jinya suna fama da abinci da fitsari, wa yake ta aski? Ya tambayi babbar nas ɗin ɗakin wa yake yi musu. Ta ce babu. Ya ce shi mai aski ne. Ta dubi hannunsa na dama, ta dubi fuskarsa, ta ce ya gwada a kan na gadon ƙarshe, wanda ba shi da mai zuwa duba shi.

Tun daga nan yake zuwa, ranakun da ta yanka masa. Mota biyu yake hawa, kayan aikinsa a tsohuwar jakar makarantar jika. Yana dawowa yana warin maganin asibiti, ƙafar ta kumbura, bakin kuwa ba ya rufuwa: wane ya yi magana yau, wane ya ga kansa a ƙaramin madubi ya yi kuka, wane an sallame shi, wane ya rasu da askinsa sabo. Ya ce mini ya sami masu aski na gari a ƙarshe, ba sa zabura, ba sa gudu, ba sa cewa a rage kaɗan. Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Kada wanda ya ce mini labarin ya ƙare da kyau. 'Yan layi sun riga ni, suna cewa ai Allah Ya yi masa canji mafi alheri, ga lada, ga motsa jiki. Da wannan suke wanke kansu. Mutum ya gina hannu daga babu, ya kawo shi ƙofar gidansa, abokansa na shekara da shekaru suka ja hula, sai da ya je ya nemo waɗanda ba sa iya tashi daga gado kafin ya sami kan da zai taɓa. In wannan ne alherin, su ba su suka yi shi ba.

Shekaranjiya Manaja ya same ni ina wanki. Ya durƙusa ya ce wani abokin aikinsa ya je duba ɗan'uwansa a asibiti, ya ga Baba da jaka yana bin gadaje, har ya tambaye shi ko wani abu ya faru a gida. Ya ce abin ba daɗin ji, mutane za su ce ya kasa riƙe ubansa. Wai in lallashe shi ya daina, tunda ni yake jin maganata.

Na ce masa ubansa yana ɗaki, ƙofa a buɗe take, kunnuwansa biyu lafiyarsu ƙalau. Ya je ya faɗa masa da bakinsa, da Hausa, kada ya fassara.

Ya daɗe a durƙushe, sannan ya tashi ya shiga ɓangarensa. Har yanzu bai faɗa masa ba. Gobe ranar zuwa ce, na wanke ƙyallayen, suna kan igiya.